Jitar da Ta Koyi Kuka

A rumfar gyaran kayan sauti, wani makaɗi ya ɗora jitarsa ta lantarki a tebur, amma bai sake ta ba.

"Malam, wani ya canza min maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiya. Tun ranar, da na jona ta da lasifika sai kuka, kamar an taka wutsiyar kyanwa. Jabu ya sa min."

Mai gyara ya jona ta, ya kaɗa. Sauti ya fito tas.

"Aikin nan ba shi da aibi. A ina kake tsayawa in kana wasa?"

"Me ya kawo wannan tambayar?"

"Amsa dai."

"Dab da lasifika. Ita nake fuskanta, in ba jama'a baya."

"Don me?"

"Akwai masu zuwa kallon yatsuna, su kwashe salona."

"To, sabon maganaɗisun ya fi tsohon kaifin kunne. Lasifika ta yi magana, ya ji, ya mayar mata, su yi ta yi. Ka matsa, ka fuskanci mutane, kukan zai ɗauke."

Makaɗin ya zare wayar da aka jona a hankali, ya rungume jitarsa.

"In fuskance su, ko? Faɗa min gaskiya, wanne ne cikinsu ya riga ni zuwa nan?"