Ranar da Madam Ngozi ta nemi takarda

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Alhaji Sabo mai gidan burodi a Tudun Wada.

Shekara da shekaru da baki nake ɗaukar ma'aikata. Da aka ƙara mafi ƙarancin albashi, sai Madam Ngozi 'yar Sabon Tasha, mai kula min da kwaɓi, ta ce in rubuta mata albashinta da ranakun hutunta. Raina ya ɓaci. Na ce, "Madam, na taɓa cin haƙƙinki? Maganata ba ta isa ba?"

Ta ce, "Ta isa, Alhaji. Amma ranar da ba ka nan, 'ya'yanka sun ji ta?"

Wallahi washegari na tafi ofishin ƙwadago, na tarar doka ta daɗe da wuce ni. Na gyara albashi, na ba kowa takardarsa. Yanzu da na ji an yi canji, ni ne farkon zuwa tambaya.

Ina gaida abokan sana'ata na Kakuri masu cewa na zama Bature. Ku rubuta, jama'a! Alkawarin baki tare da mai shi ake binne shi.