Ban Bar Shi Ya Ƙarasa Magana Ba

Mai gabatarwa, barka da aiki, Ubangiji ya ƙara ƙarfi. Ni ce Rifkatu daga Fadikpe, nan Minna.

Bara mijina Ishaku, mai gyaran janareta, ya kwanta da ciwon ƙoda. Na yi azumi, matan zumuntar cocinmu ma suna zuwa muna addu'a. An koya mana cewa mai bangaskiya ba ya ambaton mutuwa, ni kuwa na riƙe wannan gam.

Wata rana ina shafa masa mai a ƙafa, sai ya ce, "Maman Ladi, zauna. In na tafi, ina so ki..." Na toshe masa baki da hannuna. Na ce, "Na ƙi, a cikin sunan Yesu! Ba inda za ka." Da ya sake tayar da zancen, na kama waƙar yabo da ƙarfi har ya yi shiru. Murmushi kawai ya yi, ya juya ya fuskanci bango.

Kafin Kirsimeti ya rasu. Sai daga baya na gane ashe shi ya riga ya shirya da Ubangijinsa. Ni ce tsoro ya cika, na sa masa suna bangaskiya.

Yanzu 'yarmu Ladi tana tambayata, "Mama, Baba bai bar mana wata magana ba?"

Fastoci da iyayena masu sauraro, ku ba ni shawara. Yaya zan gaya mata cewa ya so ya bari, ni na hana shi?