Kifin da Na Kama a Butan

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ni ne Buba Sule, ma'aikacin kiwon kifi daga Gashua, ina gaida abokaina na Nguru.

Bara aka tura mu kwas Indiya, daga can aka kai mu yawon buɗe ido Butan, wata ƙaramar masarautar mabiya Buddha a bisa duwatsu. A gindin wani gidan ibadarsu na ga rafi cike da kifi, ba mai taɓawa. Malam, ni ɗan Bade ne, a bakin kogi na tashi. Ban san sanda na naɗe wando na cafko wani ƙato ba.

Ina ɗagowa na ga malamansu masu jajayen mayafai sun kewaye ni. Ɗan rakiyarmu ya ce, "Mayar da shi! Nan ba a kashe rai, za a iya tsare mu duka!" Na saki kifin cikin ruwa, sai ya juya ciki sama. Wani tsoho ya durƙusa yana hawaye. Can kifin ya kaɗa wutsiya ya nutse, sannan na yi numfashi.

Tun dawowata, in uwargida ta ajiye mini kifi, fuskar tsohon nan nake gani, sai na kasa ci. Masu sauraro, ɗan Bade da ba ya cin kifi, ina zai sa kansa?