Tagar da Inna ta toshe

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu. Ku yi mini haƙuri in yi magana a zaune, ƙafafun nan ba su gama dawowa ba tukuna.

Sunana Saratu. Tuwo nake sayarwa a bakin kasuwar Ƙofar Wambai, muna haya a Koki, gidan Hajiya Falmata. Ɗaki ɗaya ne, a ciki aka haife ni, a ciki na haifi 'yata Rahila, kuma can na koma da ita bayan rasuwar babanta.

A gidanmu akwai abin da muke kira tarin gado. Kakata da shi ta tafi. Innarmu ta yi tari har ta zama kamar tsinke. Lokacin jinyarta ne ta sa aka cusa tsohuwar tabarma a 'yar tagar ɗakin, aka yaɓe da laka, wai sanyi ne ke tayar da tarin. Muka rufe ƙofa, muka kewaye ta, muna ganin ƙauna muke nuna mata. Bayan ta, sai Yaya Ishaya, a kan gadon nan dai. Tagar kuwa ba wanda ya taɓa. Wa zai rushe abin da Inna ta yi da bakinta?

Da nawa tarin ya fara, ko mamaki ban yi ba. Na ce to, layi ya zo kaina. Na ci gaba da fita. Yini nake a kan murhu, hayaƙin itace a fuskata, ina ciyar da 'yan kasuwa, ni kuwa sai in wuni da ruwan koko a ciki. Mai tuwo da yunwa! Zani ya daina zama a ƙuguna. Gumi, zazzaɓi, sannan jini a kaki. Ban gaya wa kowa a nan coci ba. Gaskiya ma na daina addu'a a kai, don na gaji da roƙon abin da na riga na yanke cewa ba za a ba ni ba.

Wata rana da la'asar ina kwance, sai na ji Rahila ta yi tari a tsakar gida. Na san wannan sautin. Na ji shi a bakin mutum uku.

'Yan'uwa, ban iya durƙusawa ba. Daga kwance na ce, "Ya Yesu, ni na haƙura. Amma yarinyar nan me ta yi? In gado ne, ya tsaya a kaina. Na gaji da binnewa, na gaji!" Sai kuka kawai.

Ban share hawaye ba Hajiya Falmata ta ɗaga labule. Ta daɗe ba ta shiga ɗakin ba saboda ciwon gwiwa. Ta tsaya, ta toshe hanci da mayafi.

"Subhanallahi! Maman Rahila, a nan kuke numfashi? Tashi, gobe asibiti."

"Hajiya, na gado ne. Ba ya jin magani."

"Wa ya gwada ya ce miki ba ya ji? Ni na yi wa uwarki shiru, na yi wa yayanki shiru. Wallahi ba zan yi na uku ba."

Ita ta raka mu da sandarta. Aka gwada kakinmu, aka ce tarin fuka ne, tibi. Na tambayi likitar ko a jini yake. Ta ce akwai gidajen da jikinsu ya fi saurin kamuwa, wannan gaskiya ne, amma ƙwayar cutar ba a haihuwar mutum da ita. A iska ake shaƙar ta. Yunwa da hayaƙi su raunana jiki, ɗaki marar iska ya riƙe ta. Sai ta ce, "Ɗakinku yana da taga?"

Ta tsaya tana kallona. Ni kuwa Ishaya kawai nake gani a raina.

Da muka koma, na ɗauki muciyar tuwo na hau kan kujera. Ina bugun lakar tagar ina cewa, "Inna, ki yafe mini." Tabarmar ta fito a ruɓe. Haske ya faɗo har kan gado. Rahila ta ce, "Mama, ashe ana ganin sama daga nan?"

Ba zan ce muku da sauƙi ba. Watanni muna shan magani kullum, ƙwayoyi cike da tafi, ga jiri, ga fitsari ja. Sau da yawa na so in bari da na ji dama-dama, Hajiya ta hana. Yanzu an sake gwaji, an ce mun warke. Halleluya! Na Rahila an kama da wuri, ga ta can a bayan zumuntar mata, har ta yi kumatu. Ni dai har yau in na yi tafiya kaɗan sai na zauna, kuma ba ranar da ba na tuna yayana.

Na gode wa Ubangiji da ya ji addu'ar wadda ta gaji da addu'a, ya amsa ta bakin maƙwabciyata. In akwai tari a gidanku da kuka sa wa sunan gado, ku dogara ga Yesu, ku tashi ku je a gwada ku. Mun binne uku. Ta huɗu ga ni zaune a gabanku, ta biyar kuma gobe tana da makaranta. Amin.