Takardar da Na Ƙi Sa wa Hannu

Assalamu alaikum, Malama mai gabatarwa, wadda muryarta take ɗumama mana ɗakuna a wannan ƙasa ta ruwa da sanyi.

Daga Manchester nake rubutowa. Ɗana na biyu, Haruna, ya yi ta dushewa a babbar sakandare kamar fitilar da manta ya ƙare, har ya daina magana a aji. Sai aka mayar da shi wata ƙaramar makarantar gwamnati a unguwar Moss Side, inda 'ya'yan Somaliyawa da na Jamaika da na Turawa, waɗanda manyan makarantu suka gaji da su, suke zama a tebur ɗaya.

Aka aiko da takardar shaidar cewa karatu yana yi masa wuya. Na ƙi sa hannu, domin ba mu saba rubuta raunin ɗanmu mu miƙa wa bare ba.

Shugabar makarantar ta kira ni, ta ce, "Baban Haruna, kuɗin da hukuma take ba mu, sai da wannan takarda suke zuwa. In babu hannunka, malamin da yake zama kusa da shi yana taimaka masa zai tafi ƙarshen zango."

Nan na gane kunyata ce za ta kori malamin ɗana. Washegari na sa hannu.

Jiya Haruna ya karanta mini shafi guda bai tsaya ba. Allah Ya saka wa malaman nan da alheri.

Shawara nake nema, jama'a. Yayana na Birmingham har yau bai san an canja masa makaranta ba. Da wane baki zan gaya masa?