Kakata Ta Daina Ɗaukar Waya

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah shi ƙara basira. Ni ne Sanusi ɗan kabu-kabu daga Gwadangaji, Birnin Kebbi.

Kakata Inna Hajo tana sai da busasshen kihi a Argungu. Tun da munka saya mata salula nikan kira ta in sauya murya, yau mai neman aurenta, gobe mai karɓar haraji. Sai ta ce, "Ja'iri, ko cikin rijiya kake magana na san ka."

Watan jiya wasu samari sunka kira ta, wai mota ta kaɗe ni, ta turo katin waya a biya asibiti. Tana kuka ta tura. Da gaskiya ta hito, sai ta naɗe wayar a tsumma ta cusa cikin tukunya. Masu sayen kihinta na nesa sun kira sun gaji, ni ma haka.

Samari, ku ji tsoron Allah, kun raba tsohuwa da kasuwarta da dariyarta.

Inna, na san kina bakin rediyo. Gobe bayan La'asar zan kira da muryar da Allah ya ba ni. Don Allah ki ɗauka.