Husseina, Mai Tsaron Ƙofar Mma Sala

Assalamu alaikum. Sarkin Zongo, ranka ya daɗe. Liman, Allah ya gafarta malam. Magajiya, iyayenmu mata, dangin marigayiya Husseina Osman, sannunmu da haƙuri. Sunana Samiratu. Tare muka taso da ita a nan Moshi Zongo, katanga ɗaya ce tsakaninmu.

Ta kasance mai fara'a tun muna sayar da koko a bakin masallaci. Ta kasance mai taurin kai kuma, ku dangi kun fi ni sani. Amma ba mu san amfanin taurin kan nan ba sai da ciwon mantuwa ya kama mahaifiyarta, Mma Sala.

Kun san halinmu, ba ma zuwa dubiya hannu rabbana. Wannan ya biya shagon magani ya sayo na mura, wancan na barci, wata ta kawo na ciwon gwiwa da ya yi wa kakarta aiki. Duk a ɗura wa tsohuwa, don ƙin karɓa abin kunya ne. Mma ta yi ta rikicewa har ta faɗi a tsakar gida, mu kuwa ba mu san zumuncinmu ne ke kayar da ita ba.

Wata nas ce ta saka wa Husseina manhaja a waya. Ka ɗauki hoton kwalin magani, ta faɗa maka ko ya dace da mai mantuwa, ko zai yi karo da na asibiti. In ta nuna ja, sai an tambayi likita. Daga ranar Husseina ta dasa kujera a ƙofar ɗakin. Alhaji Mamudu, na gan ka kana sunkuyar da kai. Kai ta ce wa, "Baba, an gode, amma wannan ja ya nuna. Gobe ka zo da lemu." Ka ce ashe waya ta fi ka daraja. Ka dai zo da lemun.

Ta kasance ba ta riƙe alheri ita kaɗai. Ranar Asabar mata masu jinyar tsofaffi kan taru ƙarƙashin mangwaron gidansu, daga unguwar Sakasaka har Gurugu, kowa da ledar magunguna, tana koya mana duba su a waya da Hausa da Dagbanci, muna shan dariya. Wallahi ina kewar zaman nan.

Awaisu, kai ne ƙanenta, wayar tana hannunka yanzu. Gida ya cika da masu ta'aziyya, kuma manyanka ne. Kunya za ta kama ka. Ka daure ka duba duk maganin da suka kawo, ran Mma ne.

An faɗa wa Mma rasuwar, ta yi kuka, ta manta. Ɗazu na kai mata ruwa, ta riƙe hannuna ta ce, "Yarinyar nan mai ba ni magani ba ta zo ba. 'Yar gidan wa ce ma? Uwarta ta iya tarbiyya."

Mun gode da zuwanku. Allah ya jiƙan Husseina, ya haskaka kabarinta. Allah ya kula mana da uwar da ta haife ta. Amin.